Ga Kuka Ga Rawa: Tarihin Ciwon So da Juriya a Kiɗan Salsa

Akwai wani ɗan gwaji da nakan yi wa abokai idan hira ta gangaro kan kaɗe-kaɗen wasu ƙasashe. Nakan kunna musu wata waƙa da Héctor Lavoe ya fitar a 1976, in ce kowa ya cinki abin da mutumin nan yake faɗa. Ganguna su tashi, ƙahonin tagulla su amsa, kafin a je ko'ina sai ka ga wani ya fara kaɗa ƙafa. Amsar ba ta cika sauyawa ba: "Wannan ai ta biki ce." Nan kuwa babu ango babu amarya. Sallamar tsohuwar masoyiyarsa yake yi, sallama mai ɗaci, yana kwatanta soyayyarta da jaridar jiya. Sunan waƙar ma ke nan da Sifaniyanci, Periódico de Ayer.

Baki na kuka ƙafa na rawa, wannan shi ne ƙashin bayan salsa, kuma ba haka kawai ya faɗo daga sama ba. Yana da tarihi, yana da mutanen da suka biya kuɗinsa da lafiyarsu. Abin da na tsinta a tarihin shi ne, juriyar da ake yabon salsa da ita tana cikin ginin waƙar kanta, a daidai gaɓar da mutum ɗaya yake miƙa wa jama'a damuwarsa su taya shi ɗauka.

Daga gonakin rake

Tushen abin yana tsibirin Kyuba. Turawan Sifaniya sun kai ɗaruruwan dubban bayi can don noman rake, daga ƙasar Yarbawa da yankin Kalaba da ƙasar Kwango, kuma ba a soke bauta a tsibirin ba sai 1886. A Puerto Rico an riga an soke ta tun 1873. Bayin ba su tafi da komai a hannu ba, amma sun tafi da kiɗansu a ka, da salon nan na jagora ya bayar jama'a su karɓa. Sifaniyawa kuma suka kawo jita da tsarin baitocin soyayya.

A gabashin Kyuba wannan cuɗanya ta haifi 'ya'ya biyu. Na fari shi ne kiɗan rawa da ake kira son. Ta biyu ita ce bolero, waƙar soyayya mai tafiya sannu a hankali, wadda ake danganta farkonta da wani tela makaɗin jita na birnin Santiago, Pepe Sánchez, a shekarun 1880. Bolero ce rumbun hawaye: yaudara, kishi, rabuwa, da jiran wanda ba zai dawo ba. Abin da salsa ta yi daga baya shi ne ta ɗebo maganar bolero ta ɗora ta a kan gangar son.

Duk kiɗan yana rataye ne a jikin wasu 'yan sanduna biyu da ake bugawa, ana ce musu kilabe. Bugu biyar ne, uku sannan biyu, ko biyu sannan uku, kuma makaɗin da ya kauce musu, komai gwanintarsa, ya ɓata rawarsa da tsalle. Waƙar kanta kashi biyu ce. A kashin farko mawaƙi yana rera baitocin da aka rubuta, ya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe. Sai a shiga kashi na biyu, wato montuno: kuge ya shigo, fiyano ya kama jimla guda yana ta nanatawa, 'yan amshi su riƙe layi ɗaya, shi kuma jagora ya riƙa ƙago magana nan take a tsakanin amshi da amshi. Wanda ya taɓa sauraron Alhaji Mamman Shata da 'yan amshinsa ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Wanda ya iya wannan ƙage na nan take shi ake kira sonero, kuma babu muƙamin da ya fi shi daraja a sana'ar.

Baƙunta a New York

Amurka ta ƙwace Puerto Rico daga hannun Sifaniya a 1898, ta bai wa mutanenta takardar zama 'yan ƙasa a 1917. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, noma ya ja baya a tsibirin, kuɗin jirgin sama ya yi sauƙi, sai jama'a suka yi ta kwarara New York. A 1970 yawansu a birnin ya haura 800,000. Akasarinsu sun sauka a gabashin Harlem da kudancin Bronx, suna aiki a masana'antun ɗinki da otal-otal da ɗakunan girki na gidajen abinci. Ga sanyi, ga wariya, ga gidajen haya da masu su suka yi watsi da su. A shekarun 1970 gobara ta yi ta cinye unguwannin kudancin Bronx, hirowin ta cika lunguna, birnin kansa ya kusa tsiyacewa a 1975.

Kafin wannan, zamanin mambo ne, lokacin da Machito da Tito Puente da Tito Rodríguez suke cika zauren rawa na Palladium da manyan ƙungiyoyi cikin kwat da taye. Juyin juya halin Kyuba na 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba mata suka datse hanyar da sababbin kaɗe-kaɗe suke bi su zo daga Habana. Palladium ya rufe a 1966. Aka bar yaran unguwa da tsofaffin faya-fayai da abin da suke gani a ƙofar gida.

A 1964 wani mabushin sarewa ɗan Jamhuriyar Dominika, Johnny Pacheco, da wani lauya tsohon ɗan sanda, Jerry Masucci, suka kafa kamfanin Fania. Da fari a bayan mota suke yawo da faya-fayan suna kai wa masu shaguna. Cikin waɗanda suka ɗauka akwai wani yaro haifaffen Bronx, Willie Colón, mai busa dogon ƙahon tagulla da ake zugewa, turombon. Sautinsa kaushi ne da shi, ba kwalliya, ya dace da unguwar da ya fito. A watan Agusta na 1971 taurarin kamfanin suka yi wasa a gidan rawa na Cheetah, aka ɗauki fim ɗin Our Latin Thing. Bayan shekara biyu suka tara mutum sama da 40,000 a filin wasa na Yankee.

Ma'aikacin gidan waya

Mutumin da ya fi kowa ba wannan zamani kalmomi bai cika hawa dandamali ba. Sunansa Catalino Curet Alonso, ana kiransa Tite, an haife shi a Guayama ta Puerto Rico a 1926. Ya shafe shekaru masu yawa yana aiki a gidan waya, a gefe guda yana rubuta waƙoƙi har suka kai kimanin 2,000. Ni a wurina shi ne ya koya wa salsa yadda ake jin ciwo ba tare da an durƙusa ba.

A 1968 ya bai wa La Lupe waƙar La Tirana. La Lupe 'yar Santiago ce, ta yi karatun koyarwa, ta baro Kyuba a farkon shekarun 1960. A kan dandamali takan yi jifa da takalma, ta tsinke sarƙoƙinta, ta kai wa mai fiyano duka, duk cikin zafin waƙa. A tsohuwar bolero, macen da aka yaudara kuka take yi tana roƙo. A wannan waƙa kuwa mace ce da tsohon mijinta ko saurayinta yake yawo da ita a gari yana ɓata mata suna, ta karɓi sunan muguwar cikin gatse, ta nuna masa rabuwar riba ce a gare ta. Irin wannan tsayuwa sabon abu ne a bakin mace a lokacin.

Tite ne kuma ya rubuta waƙar jaridar jiya. A saurare ta da kyau. A kashin farko, Lavoe yana magana ne shi kaɗai, muryarsa siririya, ta ɗan bi ta hanci, ga gogen Turawa da Willie Colón ya shimfiɗa a ƙarƙashi suna ƙara wa abin nauyi. Mutum ne da yake cika baki cewa ya warke, amma kunne yana jin miki bai rufe ba. Da an shiga montuno sai lamarin ya juya. 'Yan amshi su ɗauki 'yar gajeruwar tambaya guda suna maimaitawa, shi kuma ya samu sarari ya yi habaici, ya yi zolaya, ya yi dariya. Abin da ya fara a matsayin sirrin mutum ɗaya ya zama zancen kowa. Macen da ta tashi daga keken ɗinki da yamma, da direban da matarsa ta tafi, da yaron da ya baro uwarsa a tsibiri, kowa ya zuba nasa a cikin amshin. Ba wanda ya tambayi wani abin da ke damunsa, kuma ba wanda ya fita da kayansa yadda ya shigo da su.

Mawaƙin mawaƙa

An haifi Héctor Juan Pérez Martínez, wato Lavoe, a birnin Ponce na Puerto Rico a 1946. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara uku. Ya taho New York a 1963 yana da shekara 16, ba da son mahaifinsa ba. A 1967 Pacheco ya haɗa shi da Willie Colón, suka fitar da faifan El Malo, daga nan kuma sai ɗaukaka. Colón ya kawo zafin birni, Lavoe ya kawo muryar ƙauyen Puerto Rico da barkwancinta.

A 1973 suka yi El Día de Mi Suerte, labarin maraya da duniya ta yi ta juya wa baya, amma bai fasa sa ran wata rana rabonsa zai tsaga ba. Talakawan Latin Amurka sun riƙe wannan waƙa kamar tasu, har gobe. Sai dai a lokacin hirowin ta riga ta kama mai rera ta. Yakan makara zuwa wasa, wani lokaci ma ba a ganinsa sam. Abin ya zama abin raha har Pacheco ya rubuta masa waƙa yana naɗa shi sarkin cika alƙawarin lokaci. Colón ya gaji, ya bar masa ƙungiyar, ko da yake ya ci gaba da shirya masa faya-fayai.

A 1978, bayan Lavoe ya yi fama da matsanancin ƙuncin zuciya, Colón ya shawo kan mawaƙi Rubén Blades ya ba shi wata waƙa da ya rubuta don kansa, El Cantante. Minti goma ce da 'yan kai. Jigonta mawaƙi ne da jama'a suka biya kuɗi don ya faranta musu, alhali nasa kukan ba wanda ya damu da shi. Mutane suka yi ta rawa da ita. Duk sanda na saurare ta nakan rasa inda zan ajiye wannan: mutum ya fito fili ya faɗi abin da ke cinsa, aka tafa masa, aka ce ya ƙara.

Shekarar 1987 ta zo masa da abin da ba kowa zai ɗauka ba. Gobara ta tashi a gidansa na Queens, ya diro ta taga ya karye. Aka kashe surukarsa a Puerto Rico. Ɗansa mai shekara 17 ya mutu bayan bindiga ta tashi a hannun abokinsa bisa kuskure. Sannan likitoci suka gano yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. A watan Yuni na 1988, bayan wani wasa da ya watse a Bayamón saboda ƙarancin 'yan kallo, ya jefa kansa daga hawa na tara na wani otal a San Juan. Kwana bai ƙare ba, ya rayu, amma bai sake komawa daidai ba. Ya rasu a New York ranar 29 ga Yuni, 1993, yana da shekara 46.

La Lupe ta riga shi da shekara guda. Tun tsakiyar shekarun 1970 kasuwarta ta faɗi, ta ji ciwo a baya, gidanta ya ƙone, ta yi zaman rashin matsuguni, a ƙarshe ta koma wa'azin coci a Bronx. Bayan shekara goma da rasuwarta aka sa wa wani titi sunanta a unguwar.

Rabuwa da ƙasa

Ba duk ciwon salsa ne na saurayi da budurwa ba. Sau da yawa masoyiyar da ake wa kuka ƙasar haihuwa ce. Mawaƙiya Celia Cruz ta fita Kyuba a 1960 tare da ƙungiyar Sonora Matancera, ba ta san fitar ke nan ba. Da mahaifiyarta ta rasu a 1962, hukumomin Habana suka hana ta komawa jana'iza. A 1990 ta yi wasa a sansanin sojan Amurka da ke Guantánamo a tsibirin Kyuba, ta ɗebi 'yar ƙasar wurin ta tafi da ita, da ita kuma aka binne ta a Bronx a 2003. Ita ta zaɓi fara'a a matsayin makami. Waƙarta ta 1998, La Vida Es Un Carnaval, nasiha ce ga masu ƙorafi da rayuwa, kuma da wani ne ya rera ta sai a ce bai san wuya ba. Daga bakin matar da aka hana binne uwarta, dole a saurara.

A watan Satumba na 1974 ita da taurarin Fania suka sauka Kinshasa, don bikin kaɗe-kaɗen da aka shirya gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman. Ba baƙon abu suka kai ba. Tun shekarun 1930 faya-fayan garmaho na Kyuba suke yawo a Afirka, daga cikinsu ne ma rumbar Kwango ta samo tsari. Colón da Lavoe sun gina Che Che Colé a kan wata waƙar wasan yara ta Gana, Manu Dibango na Kamaru ya yi wasa da 'yan Fania a 1973, daga baya kuma Ibrahima Sylla na Senegal da Boncana Maïga na Mali suka kafa Africando a farkon shekarun 1990.

Blades, ɗan Panama, lauya ne da ya fara aiki a Fania a ɗakin rarraba wasiƙu. Shi ya faɗaɗa ma'anar ciwon ya kai shi fagen siyasa. Faifansa da Colón na 1978, Siembra, ya daɗe yana riƙe da kambun wanda aka fi saye a tarihin salsa. A 1984 ya yi waƙa a kan iyalan da suke bin asibitoci da ofisoshin 'yan sanda suna cigiyar 'yan uwansu da gwamnatocin soja suka ɓatar. A Kolombiya kuma Joe Arroyo ya fitar da Rebelión a 1986, labarin wani bawa a birnin Cartagena na ƙarni na 17 da ya yi tawaye ranar da ubangidansa ya ɗaga hannu ya mari matarsa. Soyayya da bauta da tawaye a waƙa guda, kuma har yau ba a rufe biki a ƙasar ba tare da ita ba.

A shekarun 1980 kasuwa ta sauya. Ƙarfin Fania ya ragu, kiɗan merenge na Dominika ya mamaye gidajen rawa, sai aka ɓullo da salsa mai laushi, ta zallar soyayya, irin ta Eddie Santiago da Frankie Ruiz. Aka rage kaushin ƙaho, aka taƙaita ƙagen montuno. 'Yan gargajiya sun yi ta yi mata tsiya, ni ma na fi son ta da. Amma ba zan hana ta haƙƙinta ba, don a cikinta ne La India ta fito a 1994 da Ese Hombre, inda ta zauna ta lissafa halayen mayaudarin namiji ɗaya bayan ɗaya, mata suna taya ta da iyakar muryarsu. Jikar La Tirana ce. Shi kuwa Frankie Ruiz sawun Lavoe ya bi: ƙwaya, kurkuku, faifan murnar samun 'yanci a 1992, sai ciwon hanta ya kashe shi a 1998 yana da shekara 40.

Wanda ya sauka daga dandamali

Idan aka jera waɗannan sunaye, wata gaskiya mara daɗi takan fito. Amshi yana ɗauke wa mai sauraro nauyi, amma ba ya raka mawaƙi gida. Ma'aikacin da ya yi rawa daren Asabar yakan wayi garin Litinin da ɗan sauƙi a ransa. Shi kuwa wanda ya rera, sana'arsa ita ce ya sake buɗe mikin gobe a wani gari, kuma masu shirya wasa ba su da asara idan bai warke ba, tunda labarin faɗuwarsa ma yana sayar da tikiti.

Shi ya sa nake ajiye Cheo Feliciano a ƙarshe. Shi ma ɗan Ponce ne, an haife shi a 1935, ya yi suna da ƙungiyar Joe Cuba a New York, hirowin ta kai shi ƙasa har ya kusa rasa iyalinsa. A ƙarshen 1969, ana tsakiyar nemansa, ya juya wa kasuwar baya, ya koma Puerto Rico ya kai kansa gidan gyaran hali na Hogar CREA. Kamfanoni suka yi ta aike, ya ƙi fitowa sai da ya tabbatar da kansa. Cikin masu zuwa duba shi har da Tite, wanda ya tanadar masa waƙoƙi yana jiran ranar. A 1971 faifan ya fito da sunansa kawai, Cheo, ɗauke da Anacaona, waƙar wata sarauniyar mutanen Taino da Sifaniyawa suka rataye a farkon ƙarni na 16. Ya ƙara shekara 40 da ɗoriya yana waƙa, yana yawo yana jan kunnen matasa a kan ƙwaya, har hatsarin mota ya yi ajalinsa a 2014 yana da shekara 78.

Lavoe ya fi shi suna, hotonsa ne a bangon unguwanni daga Bronx har Callao ta ƙasar Peru, kuma muryarsa ta cancanci haka. Amma idan juriya ake magana, Cheo nake nunawa. Ya gane cewa tafi ba magani ba ne, ya sauka ya nemi magani a inda yake, sannan ya dawo ya ci gaba da sana'arsa.